Lambar da Ta Ƙi Rabuwa: Me Aka Gano a Oktoban 2024, Kuma Wa Ta Amfana?

Ranar 21 ga Oktoba 2024 aka sanar cewa wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, ɗan shekara 36, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya, ya gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320. Kafafen yaɗa labarai suka ɗauka, wasu suka ce an gano "lambar da ta fi kowace girma", wasu kuma suka ce za ta ƙara wa bankuna tsaro. Rahotanni sun ce mutumin ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa a kan wannan nema, ladan da aka ba shi kuwa dala 3,000 ne.

Duk wanda ya ji wannan dole ya yi tambaya. Yaya ake "gano" lamba, alhali yaro ɗan firamare zai iya rubuta 1 ya yi ta jera mata sifiri har biro ya ƙare? Me ya bambanta wannan da sauran? Kuma mu da ke fama da tsadar gero da kuɗin makaranta, ina ruwanmu?

Goron da ba ya rabuwa

Mu fara daga kasuwa. Ƙwaryar goro ɗari ce. Za ka iya raba ta daidai wa daida tsakanin mutum 2, ko 4, ko 5, ko 10, ko 20, ko 25, ko 50, ba wanda zai ce an cuce shi. To mai goro ya yi maka gyara da ƙwaya ɗaya, su zama 101. Yanzu ko mutum nawa ka tara sai an sami saura. Hanya biyu kaɗai gare ka: ka bar wa mutum ɗaya duka, ko ka nemo mutum 101 kowa ya ɗauki ɗaya.

Irin waɗannan lambobi su ne 'yan makaranta suka sani da firaim, malaman lissafi na Larabci kuma suke kira adadi awwali. A nan zan kira su ƙi-rabo, don sunan ya fi faɗin halinsu. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. Wanda ya yi wasan cika ko mara yana yaro zai lura cewa dukkansu mara ne ban da 2, domin duk wata cika da ta haura 2 tana rabuwa gida biyu. Amma ba kowace mara ce ƙi-rabo ba: 9 tana rabuwa da 3, 15 tana rabuwa da 3 da 5. Ita 1 an cire ta daga sahu da gangan.

Darajarsu ita ce su ne tubalan ginin sauran lambobi. Kowace lamba da ta haura 1, in ba ƙi-rabo ba ce, to an gina ta ne da ninka ƙi-rabo, kuma ta hanya guda tak. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, babu wata hanyar. Abin da Durant ya gano shi ne cewa wata lamba mai tsawon alƙaluma miliyan 41 tana da halin goro 101: babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta.

Akwai wadda ta fi kowace girma?

Babu. Wannan ba ra'ayi ba ne, an tabbatar da shi tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a rubuce-rubucen Yuklid na birnin Iskandariyya. Hujjar tana da sauƙin da za a iya bayyana ta a bakin shago.

A ce wani ya zo ya ce ga jerin ƙi-rabo duka, ba saura. Ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara 1. Sabuwar lambar da ta fito, duk wadda ka ɗauko daga jerinsa ka raba ta da ita sai 1 ya yi saura. Ke nan ko dai sabuwar lambar ita ma ƙi-rabo ce, ko kuma akwai wata ƙi-rabo da ke raba ta wadda ba ta cikin jerin. Ko ta ina aka bi, jerin nasa bai cika ba. Ga misali: 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13 sun ba da 30,030. Ƙara 1, ka sami 30,031. Ita wannan tana rabuwa, amma da 59 da 509, waɗanda ba su cikin shidan da muka fara da su.

Saboda haka daidai magana ita ce lambar Durant ita ce mafi girma da ɗan Adam ya tabbatar zuwa ranar da aka sanar da ita. Waɗanda suka fi ta girma ba su da iyaka, ba mu dai san su ba ne.

Yadda take, da gidan da ta fito

Ba a rubuta ta da alƙalumanta a jarida, sai dai a faɗi yadda ake samo ta. Ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su duka, sannan ka ɗebe 1. A rubutun lissafi: 2^136,279,841 − 1. Ta fara da 881, ta ƙare da 551.

Girmanta ya fi ƙarfin tunani, sai da kwatance. In za ka riƙa faɗin alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kwana 474 da kusan awa 20. In ka rubuta ta a layi ɗaya, kowane alƙalami ya ci rabin santimita, layin zai kai kilomita 205, wato ka taso daga Kano ka wuce Zariya ka doshi Kaduna. Masana kimiyya na ƙiyasta yawan ƙwayoyin zarra da ke sararin samaniyar da ake iya hangowa da lamba mai alƙaluma tamanin da wani abu kacal.

Duk lambar da aka samo ta wannan hanya, a ninka 2 da kanta sannan a ɗebe 1, ana danganta ta ga Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. 'Yan gidan su ne 3, 7, 15, 31, 63, 127, 255 da sauransu. A lissafin kwamfuta, wanda sifiri da ɗaya kaɗai ya sani, ana rubuta su da ɗaya zalla: 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Ta Durant ɗaya ce a jere sau 136,279,841.

Gidan tsoho ne. Labarin nan na mai hikimar da ya nemi sarki ya saka masa da ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na allon shataranji (wani wasa mai kama da dara), biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64, wanda malamin tarihi Ibn Hallikan ya kawo a ƙarni na 13, jimillarsa 'yar wannan gida ce: 18,446,744,073,709,551,615. Sai dai ita tana rabuwa, tun daga 3 da 5 da 17.

Dalili kuwa akwai ƙa'ida: in yawan biyun da aka jera lamba ce mai rabuwa, sakamakon ma zai rabu. Biyu guda 4 sun ba da 15, wato 3 sau 5. Biyu guda 6 sun ba da 63, wato 7 sau 9. Don haka masu nema ba sa ɓata lokaci sai a kan jerin da yawansa ƙi-rabo ne. Amma ko wannan ba lamuni ba ne. 11 ƙi-rabo ce, biyu guda 11 a ɗebe 1 kuwa 2,047 ne, wanda shi ne 23 sau 89. A nan wahalar take, dole kowace a gwada ta.

Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe. A 1644 ya fitar da jerin yawan biyun da ya ce in an jera su ne ke ba da ƙi-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Daga baya aka gane 67 da 257 kuskure ne, kuma ya tsallake 61, 89 da 107. Ba abin dariya ba ne ga mutumin da ba shi da komai sai alƙalami da takarda. Leonhard Euler ya tabbatar da ta 31 (biyu guda 31 a ɗebe 1) a 1772, wato 2,147,483,647. Ta 67 kuwa sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta a wani taron masana lissafi a New York: 193,707,721 sau 761,838,257,287. An ruwaito cewa ya yi lissafin a kan allo bai ce uffan ba, ya koma ya zauna, aka yi masa tafi.

Yau ƙi-rabo 52 aka sani a wannan gida. Ta Durant ce ta 52 a jerin ganowa. Ko ita ce ta 52 a jerin girma kuwa ba a yanke ba tukuna, domin lokacin da aka sanar da ita ba a gama tantance duk waɗanda ke ƙasa da ita ba. An taɓa samun ƙarama bayan babba, kamar yadda ya faru a 2008 da 2009.

Me ya sa kullum gidan Mersenne ke riƙe da kambu?

A ganina nan ne gishirin maganar, kuma nan ne labaran suka fi tsallakewa.

Hanyar da muka koya a makaranta ita ce a yi ta gwada rabawa da 2, da 3, da 5, da 7, har a kai lambar da in an ninka ta da kanta za ta kamo wadda ake gwadawa. Ga 101 sai ka tsaya a 7 ka huta. Ga lambar Durant kuwa, iyakar da za ka tsaya ita kanta tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ko an haɗa kwamfutocin duniya kaf, sun yi ta aiki tun daga farkon halitta, ba su ko kama hanya ba.

Abin da ya ceci lamarin wata dabara ce da Bafaranshe Édouard Lucas ya ƙirƙiro, wadda ya yi amfani da ita a 1876 ya tabbatar da ta biyu guda 127, lamba mai alƙaluma 39, da hannunsa. Ba'amurke Derrick Lehmer ya gyara ta a wajen 1930. Ga yadda take, da 31 a matsayin misali, wadda biyu guda 5 ce a ɗebe 1.

Fara da 4. Ninka ta da kanta ka ɗebe 2: 14. Sake yi: 14 sau 14 a ɗebe 2, 194. Ta haura 31, sai ka raba da 31 ka riƙe saura, 8. Sake yi: 8 sau 8 a ɗebe 2, 62. Raba da 31, saura sifiri. Ƙa'idar ta ce a yi zagaye adadin biyun da aka jera a ɗebe biyu, a nan sau 3 ke nan. In aka ƙare da sifiri lambar ƙi-rabo ce, in ba haka ba tana rabuwa. Gwada da 2,047, bayan zagaye 9 ba za ka sauka a kan sifiri ba.

Lura da abin mamaki: gwajin yana gaya maka lamba tana rabuwa ba tare da ya nuna maka abin da ke raba ta ba. Shi ya sa tun 1876 aka san ta 67 ba ƙi-rabo ba ce, amma sai bayan shekara 27 Cole ya kawo masu raba ta.

Ga lambar Durant zagaye 136,279,839 ake bukata, kowanne ninka lamba mai alƙaluma miliyoyi ce da kanta. Aiki ne ja, amma mai ƙarewa. Kuma tunda a idon kwamfuta lambar ɗaya ce zalla a jere, fitar da saura yana zuwa mata da sauƙi ƙwarai. Tun 1952, lokacin da Raphael Robinson ya sa wata kwamfuta mai suna SWAC a Los Angeles ta gano guda biyar a shekara ɗaya, kambun na hannun wannan gida, in ka cire tsakanin 1989 da 1992.

Ke nan ba wai ƙi-rabo sun fi yawa a gidan Mersenne ba ne. Tsakanin ta Durant da wadda ta gabace ta akwai ƙi-rabo da ba su ƙirguwa, ba wanda ya san su. Inda fitila ta haska ake dubawa, fitilar Lucas da Lehmer kuwa gidan nan kaɗai take haskawa.

Daga kwamfutar gida zuwa kwamfutar haya

A 1996 George Woltman ya kafa wani shiri na sa-kai da ake kira GIMPS. Ka sauke manhaja kyauta, a ba kwamfutarka lamba guda ta yi ta gwadawa a lokacin da ba ka aiki da ita. Gayya ce irin ta noma, sai dai ta intanet. Shirin ya gano guda 18 zuwa ta Durant, sha bakwai na farko duka a kan kwamfutoci na yau da kullum. Wadda ta riƙe kambu kafin wannan, mai alƙaluma 24,862,048, Patrick Laroche na jihar Fulorida ne ya same ta a Disambar 2018.

Durant ya canza salon. Tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne, masu ƙera katunan sarrafa hoto, waɗanda yanzu su ne ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basira. Daga Oktoban 2023 ya riƙa hayar dubban irin waɗannan katuna ta intanet a ƙasashe 17, yana tafiyar da wata manhaja da Mihai Preda ya rubuta. Ranar 11 ga Oktoba 2024 wani kati a Dublin ta ƙasar Ailan ya ba da alamar an dace, washegari wani a San Antonio ta jihar Texas ya tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Wasu suka sake gwadawa da manhajoji da na'urori daban kafin a sanar.

Masu cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta gano ta sun yi kuskure. Na'urar dai iri ɗaya ce, amma aikin tsohon lissafi ne na ninkawa da ɗebewa, babu hasashe a ciki.

Kamilar lamba, 'yar rakiya

Duk sanda aka sami sabuwar ƙi-rabo a gidan Mersenne, wata lamba tana biyo ta kyauta. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi gida uku bisa jimillar masu raba su, ban da ita lambar kanta. Ɗauki 8: masu raba ta 1, 2, 4, jimilla 7, ba ta kai ba, mai giɓi ce. Ɗauki 12: 1, 2, 3, 4, 6, jimilla 16, ta yi rara. Ɗauki 6: 1, 2, 3, jimilla 6 cif. Wannan ita ce kamila. Bayanta sai 28, sai 496, sai 8,128, sannan a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336.

Yuklid ya nuna cewa in ka ɗauki ƙi-rabo 'yar gidan nan, ka ninka ta da rabin lambar da ke gaba da ita, kamila za ka samu. 7 sau 4 ne 28, 31 sau 16 ne 496. Ibnul Haisam, masanin Basra da ya rayu a Alƙahira, ya yi ƙoƙarin nuna cewa kowace kamila cika ta wannan hanya take zuwa, Euler ne ya kammala hujjar a ƙarni na 18. Don haka kamilai 52 aka sani, sabuwar tana da alƙaluma sama da miliyan 82. Ita kanta lambar Durant, kamar kowace ƙi-rabo, mai giɓi ce ƙwarai, tunda 1 kaɗai gare ta.

Ko akwai kamila mara? Shekara sama da dubu biyu ana nema. An nuna cewa in ma akwai, alƙalumanta sun haura 1,500. Haka kuma ba wanda ya iya tabbatar da cewa ƙi-rabo na gidan Mersenne ba za su ƙare ba, ko da yake akasarin masana haka suke zato.

Za ta tsare kuɗinka a banki?

A'a. Gaskiya ne ƙi-rabo na cikin abin da ke tsare saƙonni da hada-hadar kuɗi ta intanet. Tsarin RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977, ya dogara ne kan cewa ninka manyan ƙi-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon ka gano su wane da wane aka ninka abu ne mai wuyar gaske. Sai dai waɗanda ake amfani da su alƙaluma ɗari uku da 'yan kai gare su, kwamfuta tana samar da su cikin ƙiftawar ido, kuma sirri ne. Lambar da duniya ta sani, wadda kowa zai iya saukewa, mabuɗi ne da aka rataye a ƙofar gida. Ga nauyi kuma.

'Yan uwanta ƙanana sun fi ta aiki. Wata sananniyar hanyar samar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta, wato masu fitowa kamar ba tsari, wadda Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka fitar a 1997, an gina ta a kan ta biyu guda 19,937. Ita kuwa 2,147,483,647 ta Euler ita ce iyakar ƙirgar tsofaffin manhajoji da yawa, shi ya sa agogon wasu na'urori da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970 zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, in ba a gyara su ba.

Masu suka da masu kariya

Masu suka suna da hujja. Dala miliyan biyu da wutar lantarkin da dubban katuna suka sha shekara guda, a kan lambar da ba ta warkar da zazzaɓi, ba ta ƙara amfanin gona. Har cikin masana lissafi akwai masu cewa samun ta 52 bai koya mana wani abu game da ɗabi'ar ƙi-rabo wanda ta 51 ba ta koya mana ba. Wasu tsofaffin 'yan gayyar ma suna iya ganin an mai da abin na mai kuɗi, tunda kwamfutar ɗaki ba za ta yi tsere da dubban katunan haya ba.

Masu kariya sukan kawo abin da ya faɗo a gefen hanya. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a wata kwaleji a Bajiniya, yana bincike kan ƙi-rabo ya ga kwamfutarsa tana ba da amsar rabawa ba daidai ba. Ashe aibi ne a ƙwaƙwalwar Pentium, wanda ya jawo wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475. A 2016 ma manhajar GIMPS ta tono wani aibin a wasu sababbin na'urorin kamfanin. Har yau masu haɗa kwamfuta suna amfani da ita don gwada juriyar inji, domin kuskure ɗaya cikin biliyoyin lissafi yana ɓata amsar duka. Sukan kuma tuna da G. H. Hardy, masanin Ingila da ya yi alfahari a 1940 cewa ilmin lambobi ba shi da wani amfani a yaƙi, ba a yi shekara arba'in ba ya zama makullin sirrin gwamnatoci da bankuna.

Ni dai ba na son a riƙa jingina abin da amfanin da ba shi da shi. Lambar ba za ta sauƙaƙa wa kowa rayuwa ba, kuma Durant kuɗinsa ya kashe, kamar yadda wani zai kashe nasa a kan dawakin sukuwa. Abin da ya shafi ɗalibi a Sakkwato ko Damagaram shi ne gwajin da ya yanke hukunci a kanta shi ne wanda muka yi a sama da 31, ba a ƙara masa komai ba sai sauri. Malamin lissafi zai iya koyar da shi da alli a darasi ɗaya, ɗalibai su gwada 127, wadda biyu guda 7 ce a ɗebe 1, da hannunsu su ga sifiri ya fito a zagaye na biyar.

Neman kuma bai tsaya ba. Wata ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet a Amurka, EFF, ta riga ta biya dala 50,000 kan ƙi-rabo ta farko mai alƙaluma miliyan ɗaya, wadda aka samu a 1999, da dala 100,000 kan mai miliyan goma, wadda wata kwamfutar jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta gano a 2008. Saura dala 150,000 ga mai alƙaluma miliyan ɗari, da dala 250,000 ga mai biliyan ɗaya. Kafin a kai ga miliyan ɗari sai an jera biyu sama da miliyan 332, wato ninki biyu da kusan rabi na abin da Durant ya jera.